Shingen da Ya Yi Tsiro

Shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga ta Ghana, a cikinta ne idon Baba ya gama rufewa. Ina da shekara goma sha biyar. Tamale ta ɗauki kiɗa, 'yan makaranta suna zagaye gari da 'yan tutoci a hannu, motoci cike da mutane suna ihu, mu kuwa muna gida muna kallon yadda allura ta gagari mutumin da ya yi shekara talatin yana aikin wuyan riga. Ana bikin duniya ake na ƙiyama. Sai ya kai zare bakin allura ya kuskure, ya lashe shi ya sake, ya kuma kuskure, har ya ajiye ya ce wai hasken wurin ne bai isa ba. Rana tsaka ce, kuma a bakin ƙofa yake zaune.

Mu huɗu ne a ɗakin haya cikin zango: Baba, Mma, ni, sai Auta mai shekara shida. Tsakanina da Auta an haifi uku, duk sun koma. Iyayena daga ƙasar Katsina suka zo tun kafin a haife ni, kuma duk lomar da muka taɓa ci daga bakin allurar nan ta fito. Da ta tsaya, sai buhun dawa ya fara sauka. Ni nake ɗibar ta tuwo kullum, don haka na fi kowa sanin inda ya kai.

Ana cikin haka Baffa ya zo, ƙanin Baba, mai fataucin goro da ke zaune a Kumasi. Ya ci tuwonmu, ya dubi miyar da ba ta da komai sai kuka da gishiri, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Yaya, gaskiya ɗaya ce. Baki huɗu ya fi ƙarfin ɗakin nan. A ba ni Auta. Iyalina ba ta samu haihuwa ba, za ta riƙe ta kamar ta cikinta."

Ba mugu ba ne, yanzu na san haka. Amma a ranar da da hali da na watsa masa ruwan wankin hannun a fuska. Mma tana bayan asabari, ba ta saba tsoma baki a maganar maza ba, sai muka ji muryarta.

"Malam, uku na ba ƙasa. Wannan ba zan ba lori ba."

Baba ya juya fuskarsa wajen muryar. "Da me za ki ciyar da ita?"

"Da hannuna."

Daga baya Baba ya yanke: Baffa zai dawo Babbar Sallah. In ya tarar da abinci a ɗaki, Auta ta zauna. In bai tarar ba, ya tafi da ita. Auta tana tsakar gida tana wasa da ƙwallon mangwaro, mun ɗauka ba ta ji ba. Ashe ta ji komai.

Matan zango ba sa noma. Sana'arsu koko da ƙosai da shinkafa da wake, ita kuwa sai da jari, mu ko na gishiri da ƙyar. Amma Mma ɗiyar mai lambu ce. Ta kwance wani ƙullin tsumma daga ƙasan kwallarta, ta bi maƙwabta ta ƙaro, har ta tara irin kuɓewa da yakuwa da alayyafo da lalo da barkono da kabewa. Abin da ya rage ƙasa, mu kuwa a garin nan ko ta binne allura ba mu da ita. Iyakar ƙasar da Mma ta mallaka ita ce cikin wata fasasshiyar tukunya a bayan ɗaki, inda take renon wani ɗan lalle. Irinsa daga gidan mahaifiyarta ta zo da shi. Shekara da shekaru yana cikin tukunyar nan, bai taɓa wuce gwiwata ba, amma duk damina sai ya yi fure, ƙamshinsa ya cika mana ɗaki.

Akwai wani tsoho Badagombe, cikin 'yan asalin garin, a wajen Nyanshegu, wanda a lokacin gonaki ne da ɗaiɗaikun gidaje. Shi ne mai ƙasar wurin, kuma Baba ya taɓa yi masa aikin hula. Muka sayi goro muka tafi, ina jan Baba da sanda. Muka durƙusa, yana gaisuwa muna "Naa, naa" kamar yadda ake amsawa. Ya saurari Baba har ƙarshe, ya tashi da kansa ya kai mu wani ɗan kwari kusa da kududdufi, ya zagaya shi da ƙafa.

"Ƙasa na Allah ne," ya ce da irin Hausarsu. "Ku noma, ku ci. In ya nuna ku kawo mini kaɗan in ɗanɗana."

Iyakar sharaɗin da ya faɗa ke nan. Akwai wani, amma bai faɗa ba, don a wurinsa ko yaron goye ya san shi.

Azumi ya kama mu a tsakiyar bazara. Duk wanda ya san zafin Tamale kafin ruwa ya sauka ya san abin da nake nufi. Fartanya ɗaya muka aro, ni da Mma muna karɓa-karɓa, ƙasa kamar dutse, in ka sara sai ƙarfen ya yi tsalle. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya sake yi. Kududdufin ya koma taɓo, sai mun tona gefensa mu jira ruwa ya tsatso mu kwalfa da ƙoƙo. Wata rana Mma ta miƙe daga sunkuyo jiri ya kwashe ta, na ce ta karya azumin, ta harare ni ta ce in ji da nawa. Ina jin tsoro a lokacin, tsoro sosai, kuma tsoron nan sai ya riƙa fita mini ta baki. Na zagi fartanya, na zagi rana, na zagi Baffa da goronsa har Kumasi.

Ruwan farko ya sauka a goman ƙarshe. Washegari muka ja fangali, Mma ta cuɗa iri da toka, muka shuka. Auta ta zo da nata irin a gefen zani, na wasu furanni masu ruwan ɗorawa da ta tsinto a bakin gidajen Turawa. Mma ta ce ba a miya da fure, amma ta bar mata bakin hanya ta shuka abinta.

Sai maganar shinge, don awaki a wurin sun fi mutane yawa. A garinsu Mma ba a wahala da wannan. Reshen zogale ake sarowa mai kaurin damtse, a kafa shi a ƙasa, a ɗaure kara a tsakani. Da ruwa ya dake shi sai ya kama, ya riƙe maka shinge, ya kuma ba ka ganye. Wata tsohuwa a zango mai gidan kanta ta bar mu muka sassare zogalenta, muka yi ta jigila a ka kwana uku. Muna cikin kafawa mai ƙasa ya wuce, ya dubi sandunan, ba ganye ko ɗaya a jikinsu, ya ce mana sannu da aiki, ya tafi.

A ranar ne Mma ta ɗauko lallenta. Ta ƙarasa fasa tukunyar da dutse, ga saiwa ta nannaɗe kanta don rashin wuri. Ta tona rami a kusurwar gabas, ta sa shi, ta danne ƙasa da tafin hannu.

"To, miƙe ƙafa," ta ce masa tana dariya. "Kai ma ka sha haya."

Rabon da in ji dariyarta tun kafin idon Baba ya fara ciwo.

Bayan Ƙaramar Sallah ruwa ya zauna. Alayyafo ya fara tashi, lalo ya bi shi, kuɓewa ta yi ganye fafaɗa, kabewa ta fara rarrafe. Muka fara ganin kore a miya. Na kai dami biyu uku kasuwa na dawo da masara a ƙwarya, Baba ya zura hannu a ciki ya yi ta juyawa. Auta kuwa kullum sai ta ƙirga furanninta ta zo ta ba shi labari. Sannan sandunan shinge suka fara tsiro, tun daga kusurwa har kusurwa, lallen ma ya yi sabon toho. Murna muka yi. Har mun ci kwaɗon zogale sau biyu.

Wata safiya mai ƙasa ya zo da 'ya'yansa biyu, manyan magidanta. Muka durƙusa muka gaishe shi, bai amsa ba. Ya nufi shingen, ya kama sanda ɗaya ya girgiza. Ba ta motsa ba.

"Wa ya dasa itace nan?"

"Ni ce, Baba," in ji Mma. "Shinge ne, saboda awaki."

"Shinge ba ya da ganye. Wannan yana da rai." Ya juyo ya dube ta. "Na ba ka wuri ka noma. Ban ba ka wuri ka zauna ba. A ƙasa namu baƙo ba ya dasa itace."

Babban ɗan ya yi mana bayani, rabi da Hausa rabi da Dagombanci. Kuɓewa da masara damina ɗaya suke yi su mutu, ƙasa ta koma hannun mai ita. Itace kuwa yana binne wanda ya dasa shi. Duk wanda ya dasa itace a wuri, wata rana jikokinsa za su zo su dafa shi su ce nan namu ne. Ga shi kuma mulki ya sake, ana ta raɗe-raɗin masu awon ƙasa za su zo da sarƙa da takarda, kuma tambayar farko da za su yi ita ce itacen wa ke nan.

Bakina ya riga hankalina. Na miƙe tsaye na ce, "Sai da kuka ga ya yi kyau! Ranar da muke fasa dutsen nan da azumi a baki ba ku ga itace ba?"

Mma ta kai mini mari a baki. Tsohon bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Kallona kawai ya yi ya ce, "Yarinya, nan aka haife ka. Ba ka sani ba?"

Ban sani ba. A garin aka yanke mini cibiya, ina cinikin daddawa da Dagombanci kamar 'yar gida, amma ban taɓa taka gonar kowa ba sai wannan.

Mma ta rarrafa gabansa. Ta gaya masa maganar Auta duka, ta roƙe shi ya bar shingen zuwa Babbar Sallah kawai, ranar da Baffa ya juya baya da hannunta za ta tumɓuke. Ya daɗe yana kallon Auta, wadda ta maƙale a bayana. Sannan ya ce abin ba nasa ba ne shi kaɗai, 'yan'uwansa sun gani, har sun fara magana. Kwana uku ya ba mu: ko itacen ya fita, ko mu mu fita. Ya ce in yaransa suka gama aikin doya zai sa su kawo mana busassun sanduna.

Mma ta nuna kusurwar gabas. "Wancan fa, Baba? Lalle ne. Ko ƙuguna bai kai ba."

Ya je ya sunkuya, ya murza ganye ya shinshina. "Yana da saiwa," ya ce. "Shi ma."

Gaba kura, baya sayaki. In mun bar shinge mun rasa ƙasa, in mun cire mun buɗe wa awaki ƙofa. Da muka gaya wa Baba sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baƙo raɓa ne. Ku cire."

Abin da muka yi kwana uku muna kafawa, yini biyu muka yi muna tumɓukewa. Sandunan sun kama da gaske, sai mun tona kewaye mu rungume su mu biyu mu ja. Kowace ta fita, karan da ke jikinta ya zube. Lallen kuwa Mma ba ta bar fartanya ta taɓa shi ba. Da yatsu ta tone shi, ta sa a wani gwangwanin kananzir da aka yanke wa kai, ta ɗora a ka ta kai gida. Ba ta yi kuka ba, ni na yi mata.

Busasshen itace a kusa babu. Kaɗanya ce da ɗorawa, su kuwa ba mai taɓa su. Don haka muka zama shingen da kanmu, daga fitowar rana har a kora dabbobi gida. Kwana biyar muna haka kurkunu ya fito wa Mma a idon sawu, ciwon nan da yake kwantar da rabin gari duk damina. Ƙafar ta kumbura ta kasa takawa. Ya rage daga ni sai Auta.

'Ya'yan mai ƙasa shiru. Kullum ina hango su can nesa a cikin kunyoyin doya, ina jin kamar in je in shaƙo su. A kwana na tara haƙurina ya ƙare. Na ce da kaina zan je dajin wajen Gbalahi in saro sanduna, ko goma ne in fara tare gefen hanya. Na ba Auta kara, na zaunar da ita a bakin furanninta, na ce kada ta matsa ko'ina, kafin azahar na dawo. Ba wanda ya aike ni. Mma ma ba ta sani ba.

Tun daga nesa na hango ƙura, na ji kukan tumaki. Garken ragunan Sallah ne aka koro daga arewa za a kai kasuwa. Masu korar su ma baƙi ne, sun ga fili ba shinge, sun bar dabbobi sun bazu. Na yar da itacen na sheƙa. Kafin in isa sun tattara sun yi gaba, ɗaya yana ɗaga mini hannu yana ba da haƙuri.

Alayyafo babu. Lalo babu. Kuɓewa sai tsinke a tsaye, kabewa an tattake ta cikin taɓo. Barkono kaɗai suka bari da 'yar yakuwa a gefe. Auta tana tsaye a tsakiyar fangali, karan ya karye a hannunta, gwiwarta tana jini inda rago ya ture ta. Muryarta ta dishe don ihu.

"Yaya, na ce musu su tafi," ta ce. "Na ce musu in sun ci za a kai ni Kumasi."

Na zauna a cikin taɓon na rungume ta. Har yau in na tuna maganar nan sai na ji kamar an soka mini wuƙa.

Bayan kwana biyu mai ƙasa ya iso, 'ya'yansa a baya da damin sanduna a ka. Ya tsaya a bakin lambun, ya cire hular da Baba ya yi wa aiki, ya riƙe ta a hannu. Ban gaishe shi ba, bai kuma nema ba. Ya sa suka kafa shingen duk da haka, mai kyau, mai ƙarfi, ya kewaye barkono da ƙasa tsirara. Da yamma ya aiko mana da ƙwaryar masara. Mun ci ta kwana goma. Na sake shuka abin da ya rage na iri, amma Sallah saura mako uku, kuɓewa kuwa ba ta san sauri ba.

Baffa ya zo ana jibi Sallah. Ya gaishe da Baba, ya yi wa Mma sannu da ƙafa, ya ɗaga buhun dawa da yatsu biyu ya ajiye. Ko ƙwarya ɗaya babu a ciki. Mma ta sa na tsinko ganyen lallen da ke gwangwani, kusan duka, ta daka, ta ƙunsa wa Auta hannu da ƙafa. Ya kama ja wur.

Kashegarin Sallah muka raka su tashar lori. Mma ta dage sai ta je, tana dafe da kafaɗata tana jan ƙafa, gwangwanin a kaina. Da aka ɗaga Auta aka ɗora a kan buhuna, Mma ta karɓi gwangwanin ta miƙa mata.

"Riƙe. Ki riƙa ba shi ruwa da safe. Na kakarki ne." Ta kama hannun nan mai lalle ta matse. "Kuma ki ji ni da kyau. Kada ki sa shi a ƙasar kowa. Ki bar shi a gwangwaninsa."

Lori ya tashi. Auta ba ta iya ɗaga mana hannu ba, don duka biyun suna rungume da gwangwani.

Kuɓewar da na sake shukawa ta yi kyau a cikin sabon shingen. Mun ci, mun sayar, mun kai wa mai ƙasa nasa. Mu uku ta ciyar, kuma ta ishe mu.

Sai bayan shekara tara na sake ganin Auta. A lokacin Mma ta yi shekara biyu da rasuwa, ba a kuwa gaya wa Auta ba. Na tarar da budurwa doguwa, Tuwi, yaren Kumasi, ya fi Hausa sauƙi a bakinta, tana kiran matar Baffa Mma. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta kawo mini ruwa. Muka zauna maganar ta ƙi tafiya. Can sai ta tashi ta ce in zo in gani. A bayan ɗakinta ga lallen nan a cikin gwangwani, ta ce wannan ne na huɗu, sauran tsatsa ta cinye su. Bai wuce gwiwata ba.

Gidan na Baffa ne, da guminsa ya gina, ga tsakar gida fili guda har da mangwaro. Na ce mata, "Auta, ai nan gidanku ne. Ki dasa shi mana ya huta."

Ta girgiza kai, ta tsinke wani busasshen ganye daga jikinsa.

"Mma na Tamale ya ce kar in sa shi ƙasa," ta ce. "Ina jira ya aiko ya ce in sa."